Yadda Ake Rainon Matashin Mai Bincike a Fannin Maleriya da Garkuwar Jikin Yara

Matasan da ke shiga binciken zazzaɓin cizon sauro a wajenmu, ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ke fitar da su ba. Mutum ne zai shekara uku ko huɗu yana ɗibar jini, yana cike takardu, yana manna lamba a jikin kwalabe. A kwashi samfuran a haye da su wata ƙasa, sakamako ya fito a mujalla, sunansa na can tsakiyar jeri inda ba mai dubawa, wani lokacin ma babu shi. Ranar da kuɗin aikin suka ƙare, sai ya waiwaya ya ga ba shi da tambayar da za a ce tasa ce, bai iya rubuta takardar neman tallafi ba, kuma ba wanda ya san shi a waje. Daga nan sai ya koma asibiti, ko ya nemi aiki a wata ƙungiyar agaji, fagen bincike ya rasa shi.

Ni likitar yara ce, ina koyarwa a jami'a, kuma bincikena ya karkata ne ga yadda garkuwar jikin yaro ke kokawa da ƙwayar maleriya. Na yi wannan rubutu domin abokan aikina waɗanda aka fara danƙa wa ɗalibai: masu digiri na biyu, masu digirin digirgir, da likitocin da ke neman ƙwarewa suna shirin rubuta kundinsu. Aikin malami a nan shi ne ya kai ɗalibi matsayin da zai mallaki tambayarsa, samfuransa da sunansa.

Dalilin damuwata a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi 31 cikin ɗari na mace-macen, Nijar kuma tana cikin ƙasashe huɗun da suka haɗa fiye da rabinsu. A Afirka, kusan kashi uku cikin huɗu na mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ƙasar da ke binne 'ya'yanta haka bai kamata ta tsaya a matsayin wurin ɗibar jini ba.

Zaman farko

Kada ka fara da miƙa wa ɗalibi maudu'i. Zaunar da shi ka ji halin da yake ciki. Kwana nawa yake kwanan asibiti a mako? Wa yake ciyarwa? Wa ke biyan kuɗin makarantarsa? Bayan shekara biyar, a ina yake son ya ga kansa? Likitan da ke kwana a ɗakin gaggawa sau uku a mako ba zai iya aikin da ke buƙatar ya tsaya kan ƙwayoyin jini awa shida a jere ba, kuma gara ku san haka tun ranar farko.

Sannan ku rubuta abin da kuka yi alkawari a takarda guda: ranar ganawa, kwana nawa za ka ɗauka kafin ka mayar masa da rubutun da ya kawo, wa zai zo farko a jerin sunaye idan aiki ya fito. Wasu abokan aikina suna ganin wannan baƙon abu ne tsakanin malami da ɗalibi. Ni kuwa ina ganin takardar tana kare ɗalibi ne, domin shi ne ba zai iya buɗe baki ya tuna maka ba.

A makonnin farko ina musanya musu wuri. Wanda ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje, sai na shiga da shi ɗakin yara na gaggawa a watan Satumba. Zai ga yarinya 'yar wata goma sha takwas a cinyar uwarta, tafin hannunta fari fat, tana jan numfashi daga can ƙasa, uwar tana cewa, "Kwana huɗu ke nan, mun kai ta kemis an yi mata allura, jiya da dare ta fara jijjiga." Zan nuna masa yadda muke auna zurfin suma da ma'aunin da aka tsara a Bilantaya ta ƙasar Malawi: ko idonta na bin fuskar uwa, ko tana kuka idan an matsa mata, ko tana kai hannu inda aka matsa. Maki biyar ne duka, biyu ko ƙasa da haka dogon suma ne. Wanda ya ga wannan ba zai sake barin kwalbar jini ta kwana a kan tebur ba. Shi kuma likita, sai na zaunar da shi gaban madubin hangen ƙwayoyin cuta ya ƙirga ƙwayoyin maleriya a kan fararen ƙwayoyin jini 200, har wuyansa ya ƙage. Daga ranar zai daina ɗaga murya a kan ma'aikatan ɗakin gwaji.

Neman tambaya

A nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan malamai suka fi gaggawa.

Kusan kowane ɗalibi da babban buri yake zuwa: "Malama, ina so in yi aiki a kan rigakafin maleriya." Ba na kashe masa gwiwa. Sai in ba shi karatu, kuma da tsofaffin ayyuka nake farawa. A 1961, a Gambiya, Sydney Cohen da Ian McGregor da abokin aikinsu suka tace sinadaran garkuwa daga jinin manyan da suka daɗe suna fama da maleriya, suka ba yara marasa lafiya, ƙwayoyin cutar suka ragu a jininsu. Wannan ne ya tabbatar cewa waɗannan sinadarai, waɗanda muke kira antibodi, suna da hannu a kariyar da manya ke samu. Daga 1969 zuwa 1976 an yi babban aikin Garki, garin da ke Jihar Jigawa a yau, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi ta feshin gidaje da raba magani a ƙauyuka. Cutar ta ragu ƙwarai, antibodin mutane ma suka ragu, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma da aka daina sai ta dawo. A shekarun 1970, Brian Greenwood da abokansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka nuna cewa yaron da maleriya ke jikinsa ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, har da ta sanƙarau. A 1996 kuma aka wallafa binciken Burkina Faso da ya nuna Fulani sun fi maƙwabtansu Mossi da Rimaiɓe ƙarancin ƙwayar cutar a jini da yawan antibodi, alhali sauro iri ɗaya ke cizonsu.

Da gangan nake zaɓar waɗannan. Ɗalibin da ya taso yana jin cewa ilimin garkuwar jiki sai a Ingila ko Amurka, idan ya ga Garki da Zariya a cikin tushen fannin, zamansa ma yakan canza a kujera.

Bayan karatu sai sassaƙa. Ga yadda takan kasance. Ɗalibi ya ce rigakafi. In ce, wane yaro? Ya ce yaran da ke shan maganin kariya na damina, wato haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa wata 59 sau ɗaya a wata. In ce, me kake son sani game da su? Ya ce ko garkuwarsu na raguwa tunda ba sa kamuwa sosai. In ce, da me za ka auna, yaushe, kuma da wa za ka kwatanta su? A hankali sai mu iso ga abin da za a iya rubutawa a jimla ɗaya: antibodi iri kaza, a yara masu shekaru kaza, kafin zagayen farko da bayan na ƙarshe. Wannan tattaunawa na iya cin wata biyu. Idan ka gaji ka rubuta masa jimlar da kanka, ka ɗauke masa abin da ya zo koya.

Kafin in amince da tambaya, sai ta tsallake abu uku. Za a iya amsa ta da kayan da ke hannunmu, ko da wanda muka tabbata za mu samu? Za ta ƙare a cikin lokacin da ɗalibin ke da shi? Idan sakamako ya nuna babu bambanci, shin hakan ma labari ne da zai amfani wani? Ta ukun ita ce ke hana ɗalibi sha'awar murɗa alƙaluma. Nakan ba su labarin gwajin da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, wanda aka wallafa a 2011. Kowa ya ɗauka ƙara wa irin waɗannan yara ruwa da sauri ta jijiya yana ceton rai. Gwajin ya nuna waɗanda aka yi wa hakan sun fi mutuwa, har aka dakatar da shi kafin lokaci. Masu aikin sun faɗi abin da suka gani, ko da yake ba shi suka yi tsammani ba.

Tambayoyi kuwa suna nan birjik a ƙofarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin maleriya mai suna RTS,S a 2021, sai wata mai suna R21 a 2023, wadda gwajinta na Nanoro a Burkina Faso, ƙarƙashin Halidou Tinto, ya nuna kariya ta kashi 77 cikin ɗari. Najeriya ta fara ba da R21 a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Yaya yaro mai tamowa ke amsa ta? Mai sikila fa? Har yaushe antibodin ke daɗewa a yaron da ya sha cizon sauro damina bayan damina? Me ke hana uwa dawowa karɓar allura ta huɗu? Waɗannan duk a nan za a amsa su.

Akwai tarko guda da nake tabbatar kowane ɗalibi ya gane shi kafin ya taɓa kwalba. Yawan antibodi a jinin yaro na iya nufin yana da kariya, yana kuma iya nufin sauro ya fi cizonsa ne kawai. Yaron da gidansu ke bakin fadama zai fi na tsakiyar gari yawan antibodi, kuma zai fi shi yawan zazzaɓi. Ɗalibin da bai san wannan ba zai zo maka da murna ya ce ya gano antibodi na jawo cuta. Wani kuma zai kwatanta 'yan shekara takwas da 'yan shekara biyu, ya ga manyan sun fi antibodi kuma sun fi lafiya, ya ce ya gano kariya, alhali shekaru ya auna. Maganin wannan tun a tsarin aiki ake sa shi: a ɗebi jini kafin damina, a bi yaran har kaka a ga wa ya kwanta, a rubuta shekaru, unguwa, kwana a gidan sauro, shan maganin damina, da ko yaro na ɗauke da rabin sikila, tunda an san tun 1954 cewa hakan na ba da kariya. Kada ka faɗa masa wannan a baki kawai. Ba shi tsofaffin alƙaluma ya yi lissafi, ya faɗa tarkon a gabanka, sannan ku fito tare.

Hannu da kayan aiki

Damina ba ta jiran kowa. A arewa cutar na kai ƙololuwa ne daga Agusta zuwa Oktoba, don haka wanda bai sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba har watan Yuni, ko sinadaransa ba su iso ba, ya yi asarar shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nakan sa ɗalibi ya zana kalanda daga ranar ɗibar jini ta farko ya koma baya: yaushe za a gwada takardar tambayoyi, yaushe za a horar da ma'aikata, yaushe za a yi odar kaya, yaushe za a miƙa takarda ga kwamiti. Yawanci sai ya ga tun watan Janairu ya kamata ya fara.

Ka daidaita burinsa da wutar lantarkin da kuke da ita. Aikin da ke buƙatar rayayyun fararen ƙwayoyin jini yana son a tace su cikin 'yan awoyi, a ajiye su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan ƙauyen na da nisan awa huɗu kuma ba ku da tabbacin naitirojin, kada ka bar shi ya gina digirinsa a kai. Ɗigon jini a kan takardar tacewa, a busar a inuwa, a sa a leda da ƙullin abin tsotse danshi, ya isa a auna antibodi iri-iri, a kuma gano ƙwayar cutar ta hanyar sinadarin gadonta, wato DNA. Aiki mai kyau da yawa a Afirka ta Yamma da wannan takarda aka yi shi.

Sauran kuwa horo ne na yau da gobe, kuma sai ka tsaya a kansa da kanka. Littafin ɗakin gwaji a rubuta da biro, da kwanan wata, ba a yage shafi. Lamba a jikin kwalba da alƙalamin da barasar gogewa ba ta wankewa, a kuma gwada takardar mannawa a firiza kafin a saya da yawa, domin wata na ɓallewa da ta ji sanyi, ka buɗe akwati ka tarar da kwalabe tamanin tsirara da tarin lambobi a ƙasa. A raba kowane samfuri gida biyu, a firiza biyu. A manna takarda a ƙofar firiza ana rubuta sanyinta safe da yamma, da lambar wayar wanda za a kira in janareta ya tsaya cikin dare. Kowane faranti na gwajin ELISA, wanda ake auna antibodi da shi, ya ɗauki jinin manya da aka san yana da antibodi, da wanda aka san ba shi da su. Ruwan rinin Giemsa, wanda ake rina jinin da aka shafa a gilashi da shi kafin a duba a madubi, a daidaita ma'aunin tsaminsa, wato pH, a 7.2. Kowane gilashi mutum biyu su karanta ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, in sun saɓa a kira na uku. Ka kuma tuna masa cewa tsinken gwajin gaggawa na iya nuna cuta makonni bayan yaro ya warke, don haka ba zai maye gurbin madubi a bincike ba.

Lissafi ma kada ya ba wani kwangilarsa. Ya koyi manhajar lissafin alƙaluma ta R ko makamanciyarta tun kafin bayanai su taru.

Iyayen yara

Wanda zai ɗebi jinin yaro a ƙasar Hausa ya san tarihin da ya gada. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma ƙauracewa allurar shan-inna ta 2003 ba daga sama ta faɗo ba. Idan uba ya ce, "Ina za ku kai jinin?" tambaya ce ta mai hankali, kuma ɗalibinka ya iya amsa ta dalla-dalla: wane gari, wane ɗaki, shekara nawa za a ajiye, me za a auna, me ba za a auna ba.

Fitar farko ku tafi tare. Ya ga yadda ake fara gaida hakimi, dagaci, mai unguwa da liman, yadda ake zama da ungozoma da ma'aikacin asibitin ƙauye kafin a shiga gida ko ɗaya. Takardar amincewa a rubuta ta da Hausar da ake ji, a karanta wa wata uwa da ba ta cikin aikin, a ce ta maimaita abin da ta fahimta. In uwa ta ce, "Sai na gaya wa mai gidan," ɗalibi ya ce to, ya tambayi lokacin da zai dawo. Nakan sa su riƙe cokalin shayi a aljihu. Yaro mai kilo goma na da jini kusan mililita 800 a jikinsa, cokalin kuma biyar yake ɗauka. Idan ka nuna wa uwa cokali ka ce abin da za a ɗiba bai cika wannan ba, ta ga abin da idonta. Duk yaron da aka tarar da zazzaɓi a yi masa magani nan take, ko iyayensa sun yarda da binciken ko ba su yarda ba. In aiki ya ƙare, a koma ƙofar dagaci a faɗi abin da aka gano. Ka sa kuɗin wannan komawa a kasafi tun farko, don ita ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙasa.

Rubutu da suna

Rubutun farko da ɗalibi zai kawo ba zai yi kyau ba, haka na kowa yake. Kada ka karɓe ka sake rubutawa cikin dare. Ɗauki sakin layi biyu ku gyara tare yana kallo, kana faɗin dalilin kowane gyara, sauran ya je ya yi. Kuma ka mayar masa a kwanakin da kuka yi alkawari. Ba abin da ke kashe zuciyar ɗalibi kamar kundinsa ya yi wata uku a kan teburin malami, shi kuma kunya ta hana shi tambaya.

Kunyar nan sai ka yi da gaske. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ne mai kyau, amma a ɗakin bincike takan sa ɗalibi ya ga kuskurenka ya ce, "Haka ne, Malama." Ni nakan juya tambayar: "In kai ne mai bitar wannan takarda, ta ina za ka kama mu?" A taron mako kuma mafi ƙanƙanta ke fara magana, ni ce ta ƙarshe. Ranar da ɗalibi ya nuna cewa fassarata ba ta zauna ba, ina yaba masa a gaban kowa, domin sauran su ga ba a cin tarar wanda ya yi hakan.

Batun suna a yi shi da ƙa'ida. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aiki ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya yi rubutu ko gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi a kan aikin. Shugaban sashe da bai karanta takarda ba ba ya ciki. Ɗalibi ba zai iya faɗa masa haka ba, kai ne za ka tare. Ka kuma raba shi da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. In mujalla ta gaskiya ta dawo da takardarsa, ku bar ta ta kwana biyu, sannan ku zauna ku bi maganar masu bita ɗaya bayan ɗaya.

Idan za ku yi haɗin gwiwa da wata jami'a ta waje, ni ina maraba da shi, domin da yawanmu ta wannan hanya muka koyi aiki. Sharaɗina dai a rubuce yake: in samfuri zai tafi, ɗalibi ya bi shi ya yi gwajin da hannunsa, rabin samfurin ya zauna a gida, kwafin bayanai ya dawo, kuma takardar da ta fito daga tambayarsa sunansa ne a farko. Abokan aiki na ƙwarai ba sa ƙin wannan.

Buɗe masa ƙofa

Ba ka iya komai ba, don haka nema masa malami na biyu: in kai likita ne, haɗa shi da masanin lissafi ko masanin sauro. Kuma kada idonsa ya tsaya a Turai da Amurka. Akwai cibiyar binciken maleriya ta Bamako, wadda marigayi Ogobara Doumbo, da ya rasu a 2018, ya raini ɗimbin masana a cikinta. Akwai cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Gana, cibiyar MRC a Gambiya, ta Kilifi a Kenya, da CERMES a Yamai. Ɗalibin Katsina ko Sakkwato ya fi kusa da Maraɗi da Dosso a yanayin damina da irin sauro fiye da Legas, saboda haka ɗan Faransanci kaɗan zai yi masa rana.

Neman kuɗi a fara da ƙarami: tallafin jami'a, na TETFund, kuɗin halartar taro. Daga nan a nufi manyan masu ba da tallafin bincike na waje, irin su TDR, EDCTP, Wellcome da cibiyar Fogarty. Bayan yankan tallafin da Amurka ta yi a 2025, bai kamata matashi ya rataya rayuwarsa a ƙofa ɗaya ba. Nuna masa takardunka na neman tallafi, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ya ga yadda ake tsara kasafi. Wasiƙar shaida kuma ka rubuta ta da kanka, ka ambaci abin da ya yi da hannunsa. In an gayyace ka jawabi a kan aikin da shi ya yi, ka ce ga wanda zai zo.

Ɗalibai mata suna da nasu nauyin. Aure, ciki da goyo kan faɗo daidai shekarun digirin digirgir. Ka tsara da ita tun wuri: lokacin da ba za ta iya zuwa ƙauye ba ya zama lokacin nazari da rubutu. Kada a sa taro bayan magariba. In tafiyar wata uku ta taso, a nemi wadda za a iya rabawa gida biyu, kuma in ta ga zai taimaka, ka yi wa maigidanta ko mahaifinta bayanin aikin da bakinka. Na ga mata masu hazaƙa sun ajiye bincike saboda abin da waya ɗaya daga malami za ta warware. Ga kowa kuma, mace ko namiji: ɗalibi ba ɗan aike ba ne. Ba ya ɗauko maka yara daga makaranta, ba ya duba maka jarrabawar da aka biya ka ka duba.

Yaye

Tun shekarar ƙarshe za ka fara janye hannu. Ba shi ƙaramin ɗalibi ya duba a ƙarƙashin idonka. Bar shi ya yi wa kwamitin ɗa'a bayani shi kaɗai, ya riƙe kasafin fita ƙauye, ya amsa wasiƙar edita. Kafin ya tafi ku zauna ku raba gado a rubuce: wace tambaya ce zai ɗauka ya ci gaba da ita, waɗanne samfura da bayanai ne zai yi amfani da su, wane fanni ne ka yi alkawarin ba za ka nemi tallafi a kansa ba na wasu shekaru. Ka kuma gaya masa a fili cewa takardarsa ta gaba ba sai da sunanka ba, domin masu ba da tallafi suna duba ko matashi ya taɓa fitar da aiki ba tare da malaminsa ba kafin su danƙa masa kuɗi mai kauri.